Wai minista ɗaya a gwamnati biyu? Ku warware min tsarin nan na Waloniya

Sabon_Zuwa_Liège ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a Beljiyam ko masu bibiyar siyasarta, don ni dai kaina ya ɗaure. Karatu ne ya kawo ni Liège, kuma tunda nazo nake lallaɓawa ina kallon labaran gidan talabijin na RTBF da daddare ko kunnena ya saba da Faransancinsu, to a nan rikicin ya samo asali. Yau a nuno wata mata Élisabeth Degryse a ce shugabar gwamnati ce, gobe a nuno wani matashi Adrien Dolimont a ce shi ma shugaban gwamnati ne, ga firaminista Bart De Wever can a sama, ga kuma sarki. Nace toh ƙila kowa da yankinsa ne. Sai naji an kira wata Jacqueline Galant ministar Waloniya, can kuma naji an sake kiranta ministar wasanni da kafofin yaɗa labarai amma ta wata gwamnatin daban da suke cewa Fédération Wallonie-Bruxelles, har wani ɗan ajinmu yake ce min ai shi kansa Dolimont ɗin da aka kafa gwamnatin sai da aka ba shi kujera a ƙarƙashin Degryse. Oga a nan yaron gida a can kenan?

Abinda nakeso in sani shine, me ya raba gwamnatocin nan biyu tunda duk masu Faransanci ne kuma jam'iyyu ɗaya ne a ciki, sannan waye yake raba kujerun ministocin idan an yi haɗaka, shugaban gwamnatin ne ko sarki. Kuma in jam'iyyun suka ɓata da juna a tsakiyar tafiya sabon zaɓe ake yi ko yaya. Wanda ya sani ya taimaka da bayani dalla-dalla, don ni ko siyasa ban karanta ba.

Dattijon_Schaerbeek ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana, sannu da zuwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kwantar da hankalinka, ɗan ajin naku bai yi maka ƙarya ba.

Ƙasar nan sau biyu aka yanka ta, kuma yankan biyun basu hau kan juna daidai ba, nan ne duk matsalar take. Yanka na farko na ƙasa ne, wato yankuna uku: Filandas a arewa, Waloniya a kudu, sai Brasels a tsakiya. Yanka na biyu na harshe ne, al'ummomi uku: masu Holanci, masu Faransanci, da 'yan tsirarun masu Jamusanci da ke gabas wajen Eupen. Yanki shi ke da abin da ya shafi ƙasa da dukiya, irinsu hanyoyi, bas ɗin TEC da kake hawa a Liège, gidaje, noma, muhalli, makamashi, neman aikin yi ta ofishin Forem, filayen jirgin Charleroi da Liège, da kula da ƙananan hukumomi. Al'umma kuma ita ke da abin da ya shafi mutum da harshensa, makaranta tun daga ta yara har jami'a, al'adu, wasanni, gidan RTBF ɗin da kake kallo, kula da jarirai ta hukumar ONE. Kai yanzu da kake zaune, jami'arka tana hannun gwamnatin Degryse, bas ɗin da ya kai ka jami'ar yana hannun gwamnatin Dolimont, katin zamanka kuma yana hannun gwamnatin tarayya.

Me ya sa aka yi haka? Saboda kowane ɓangare abin da yake nema daban. Mutanen Filandas sun daɗe suna fama a kan harshensu da makarantunsu, su al'umma suke so. Mutanen Waloniya kuma lokacin ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfensu suna mutuwa, su ikon tattalin arziki suke so a hannunsu, wato yanki. Maimakon a zaɓi ɗaya sai aka ba kowa nasa. An fara gyaran tsarin mulki a 1970, aka ƙara a 1980, 1988 zuwa 1989, 1993 wanda a nan ne aka rubuta ƙarara cewa Beljiyam tarayya ce, sai 2001, sai na shida tsakanin 2011 da 2014.

To su mutanen Filandas tun 1980 suka yi dabara suka haɗe yankinsu da al'ummarsu wuri ɗaya, majalisa ɗaya gwamnati ɗaya kasafi ɗaya. Masu Faransanci basu yi haka ba kuma dalilin shine Brasels. Masu Holanci a Brasels kaɗan ne, haɗewar bata canja musu komai ba. Amma masu Faransanci a Brasels jama'a ce mai yawa, birnin yana da mutum kusan miliyan 1.2 kuma mafi yawansu Faransanci suke yi, ita kuma Waloniya wajen miliyan 3.7. In an haɗe, ɗan Charleroi zai ce Brasels za ta haɗiye mu, ɗan Brasels zai ce mu ba 'yan Waloniya bane kar a mai da mu 'yan rakiya. Ga kuma masu Jamusanci da suke cikin ƙasar Waloniya amma ba sa cikin al'ummar masu Faransanci. Shi ya sa aka bar gida biyu: gwamnatin Waloniya a Namur, gwamnatin al'ummar masu Faransanci a Brasels. Wannan ta biyun ita ce tun 2011 take kiran kanta Fédération Wallonie-Bruxelles, duk da a kundin tsarin mulki sunanta na da yana nan.

Wani abu da zai ƙara buɗe maka ido shine ita majalisar Fédération ba a zaɓenta kai tsaye. Kujera 94 gare ta, 75 daga majalisar Waloniya suke zuwa, 19 daga cikin masu Faransanci na majalisar Brasels. Kaga kenan 'yan majalisar ma da kansu gida biyu suke zama. Idan ɗan majalisa zai zauna Namur yau ya tafi Brasels gobe, meye abin mamaki don minista ya yi haka. Su ake cewa masu hula biyu. Da aka kafa gwamnatocin a Yulin 2024, Waloniya ta samu minista 8, Fédération ta samu 6, amma in ka ƙirga kawuna mutum 10 ne ba 14 ba, don huɗu suna nan suna can: Dolimont, Galant, Yves Coppieters da Valérie Lescrenier. Biyun da suka tsaya a Fédération kaɗai su ne Degryse da Valérie Glatigny ministar ilimi. Kuma ba yau aka fara ba, Rudy Demotte ya taɓa riƙe shugabancin gwamnatocin biyu gaba ɗaya daga 2008 zuwa 2014.

Sarki kuma cire shi daga lissafin nan. Ministocin tarayya ne yake naɗawa. Na yanki da na al'umma majalisa ce ke zaɓensu, a gaban shugaban majalisa suke rantsuwa, shugaban gwamnatin ne kaɗai daga baya yake zuwa fada ya sake rantsuwa a gaban sarki. Sauran tambayoyin na bar wa matasa masu lissafi, yatsuna sun gaji.

Sabon_Zuwa_Liège ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya ƙara girma, wallahi yanzu na fara gani. Amma tunda majalisa ce ke zaɓe, kenan 'yan majalisa ne suke zama su tantance wa ya cancanci lafiya wa ya cancanci ilimi? Kuma shi De Wever zai iya tsawata wa Dolimont in ya ga ya kauce, tunda shine babba?

Mai_Lissafi_Namur ya rubuta:

Baba Dattijo ya gama magana, mu namu ƙari ne kawai. Ɗan uwa amsar tambayoyinka biyu duk a'a ce.

Na farko De Wever ba ogan Dolimont bane. A tsarin nan dokar da majalisar Waloniya ta yi a kan abin da yake huruminta ƙarfinta ɗaya da dokar tarayya, babu wadda ta hau kan wata, in an samu saɓani kotun tsarin mulki ake zuwa ko a zauna teburin sasantawa. Misalin da duniya ta gani shine Oktoban 2016 lokacin da Paul Magnette yana shugaban gwamnatin Waloniya ya ƙi amincewa da yarjejeniyar kasuwanci ta CETA tsakanin Tarayyar Turai da Kanada, gwamnatin tarayya tana so amma ba ta da ikon sa hannu sai da yardar yankunan, haka Turai gaba ɗaya ta tsaya jiran Namur har aka ɗage bikin sa hannun, sai ranar 30 ga watan aka yi. Hatta lasisin sayar da makamai ƙasashen waje tun 2003 yana hannun yankuna, kuma kamfanin bindigogi na FN Herstal da ke nan kusa da kai mallakar Waloniya ne.

Na biyu kuma, maganar gaskiya majalisa tambari kawai take bugawa. Masu raba kujeru su ne shugabannin jam'iyyu, mutanen da su kansu galibi ba sa cikin gwamnatin. Bari in baka yadda ta kasance a 2024 don ka gani da idonka. An yi zaɓe ranar 9 ga Yuni. A kujeru 75 na majalisar Waloniya, MR masu ra'ayin kasuwa suka samu 26, PS 'yan gurguzu 19, Les Engagés 'yan tsaka-tsaki 17, PTB 'yan hagu na can ƙurya 8, Ecolo masu rajin muhalli 5. Rinjaye 38 ne, babu wanda ya kai, kuma da irin zaɓen nan na raba kujeru daidai da yawan ƙuri'a da wuya wani ya kai shi kaɗai, shi ya sa haɗaka dole ce ba zaɓi ba. MR da Les Engagés in ka haɗa 43 kenan. Cikin 'yan kwanaki shugabannin jam'iyyun biyu, Georges-Louis Bouchez na MR da Maxime Prévot na Les Engagés, suka fito suka ce su za su tafi tare, suka shafe wata guda suna rubuta takardar yarjejeniya mai tsawo wadda ita ce za a bi shekara biyar, suka gabatar da ita ranar 11 ga Yuli, kowa ya kai wa taron jam'iyyarsa aka amince, SANNAN aka zo maganar sunaye. Ranar 15 Dolimont ya yi rantsuwa, washegari Degryse.

Yadda ake rabon kuwa akwai lissafi a ciki. Ana yawan bin tsarin D'Hondt, wanda da shi ake raba kujerun majalisa ma. Ka ɗauki kujerun kowace jam'iyya ka raba da 1, da 2, da 3 haka haka, sai ka jera sakamakon daga babba zuwa ƙarami. Na MR zai baka 26, 13, 8.6, 6.5, 5.2, na Les Engagés 17, 8.5, 5.6. Ɗauki manya takwas na farko ka gani, MR biyar, Les Engagés uku, kuma abin da aka samu a gwamnatin Namur kenan: Dolimont, Jeholet, Galant, Neven da Dalcq a gefe ɗaya, Desquesnes, Coppieters da Lescrenier a ɗaya gefen. Amma lissafi yawan kujera kawai yake bayarwa, nauyin kujera kuma ciniki ne na tsakar dare. Kuma komai ana zubawa a faranti ɗaya ne, shugabancin gwamnatocin biyu, shugabancin majalisun biyu, da ma'aikatu. Shi ya sa babbar jam'iyya ta ɗauki Namur ta bar wa ƙaramar Fédération, Willy Borsus na MR ya zama shugaban majalisar Waloniya, Benoît Dispa na Les Engagés ya zama na ɗayar. A 2019 ma haka aka yi, Elio Di Rupo na PS ya ɗauki Waloniya aka bar wa Pierre-Yves Jeholet na MR Fédération.

Irin wannan ciniki ne yake sa kaga an haɗa wa mutum ɗaya abubuwan da ba su da dangantaka. Shi Dolimont da kasafi da kuɗi da hulɗa da waje ya fara, har da walwalar dabbobi a ciki. Cécile Neven makamashi da gidaje da filayen jirgi. Babu ma'aikatu tsayayyu da ake gado, duk bayan zaɓe ana sake yanka su ne gwargwadon yadda ciniki ya faɗa. Kuma shugaban jam'iyya yana iya ɗauko wanda ya ga dama, ba lallai sai wanda ya daɗe a siyasa ba. Coppieters likitan annoba ne malamin jami'ar ULB da mutane suka sani a talabijin lokacin korona, Degryse daga ƙungiyar inshorar lafiya ta Mutualité chrétienne ta fito, Anne-Catherine Dalcq manomiya ce. Shugaban gwamnati ba shi ya ɗauko su ba don haka ba zai iya korar ministan wata jam'iyya ba. A teburin ma ba ƙuri'a suke kaɗawa ba, doka ta ce da yardar kowa ake yanke hukunci, wanda bai yarda ba ko ya haɗiye ko ya ajiye. Idan abu ya cije, shugaban gwamnati da mataimakansa, ɗaya daga kowace jam'iyya, su ke kullewa a ɗaki, in ya fi ƙarfinsu a kira shugabannin jam'iyya a waya.

Maman_Biyu_Charleroi ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari Baba da Malam Mai Lissafi, bayani ya yi kyau a takarda amma ku bari mu da muke da yara a makaranta mu faɗi namu. Ni wannan hula biyun bata burge ni ba ko kaɗan. Sun zo suna ta murna wai sun rage ministoci daga 13 zuwa 10, toh sai me? gwamnatocin suna nan biyu, majalisu biyu, ma'aikata biyu, kasafi biyu, mutum uku kawai aka cire a hoto. Kuma taura biyu bata taunuwa, mutum ɗaya a ce shine lafiya da muhalli da walwalar jama'a a Namur, ya sake hawa mota ya tafi Brasels a ce shine lafiya da haƙƙin mata a can, yaushe zai karanta takardun balle ya san abin da ke faruwa a asibiti. Ƙarshenta yaran ofishinsa ne ke mulkin, waɗanda babu wanda ya zaɓe su.

Abinda baku faɗa ba kuma shine kuɗi. Ita Fédération ba ta karɓar haraji da kanta, jira take tarayya ta yanko mata kaso daga harajin kaya da harajin albashi bisa dokar rabon kuɗi ta 1989, kuma mafi yawan abin da ya shigo albashin malamai yake tafiya. Waloniya ko banza tana da nata harajin da za ta taɓa, kun ga ai daga 1 ga Janairun 2025 sun sauke kuɗin rajistar sayen gidan zama daga kashi 12.5 zuwa kashi 3, wannan kyauta ce da minista zai fita ya yi taƙama da ita. Wanda aka ba ilimi shi kuma me zai raba? sai dai ya yanke. Shi ya sa da suka taɓo maganar daina ba malamai kujerar dindindin a koma kwantiragi, malamai suka fita yajin aiki a ƙarshen 2024 suka sake fita a farkon 2025, mu iyaye muka rasa inda za mu kai yara. Wannan talaucin ba sabo bane, tun farkon shekarun 1990 ya sa Fédération ta miƙa wa Waloniya da hukumar masu Faransanci ta Brasels wasu ayyukanta don ba za ta iya ɗauka ba. Wato gidan da ake cewa a raba aiki tsaf tsaf, su da kansu suna ta ba juna aro.

Ga kuma hutun makaranta, tun 2022 da Caroline Désir, ministar ilimi ta Fédération a lokacin, ta canja kalanda, hutunmu ya daina haɗuwa da na makarantun Holanci sosai, wanda yake da yaro ɗaya a nan ɗaya a can a Brasels ya san me nake nufi. Ƙasa ɗaya fa. Lokacin korona har tsiya ake musu cewa ministan lafiya tara gare su. Ni dai da za a tambaye ni a haɗe su kamar yadda Filandas ta yi kowa ya huta.

Mai_Lissafi_Namur ya rubuta:

Hajiya maganar kuɗin nan gaskiya kika faɗa babu ko ja. Amma a haɗe ɗin ta wace fuska? Akwai masu cewa a rushe Fédération a ba Waloniya makarantunta Brasels nata, a koma ƙasa mai yankuna huɗu har da masu Jamusanci, akwai kuma masu cewa in an yi haka an yanke igiyar da ta ɗaure masu Faransanci, a bar Brasels ita kaɗai tsakiyar Filandas. Duk ɓangarorin biyu suna cewa a sauƙaƙa amma abin da kowa yake nufi kishiyar na ɗayan ne, kuma taɓa irin waɗannan dokokin na musamman sai an samu kashi biyu cikin uku a majalisar tarayya da rinjaye a kowane ɓangaren harshe. Hula biyun ni a ganina faci ne, amma facin da ya fi babu, ko banza wadda ke riƙe da gine-ginen wasanni a Namur ita ce ke riƙe da wasanni a Brasels, wadda ke gina gidajen rainon yara ita ce ke kula da masu rainon. A da sai ministoci biyu daga jam'iyyu biyu su yi shekara suna aika wa juna wasiƙa a kan abu ɗaya.

Tsohon_Ɗan_Jarida ya rubuta:

Kun bar wa yaron nan tambayarsa ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi daɗi. Ƙanena, in suka ɓata ba a sabon zaɓe. Majalisun yankuna da na al'ummomi ba a rushe su, shekara biyar cif suke yi, rana ɗaya ake zaɓensu da na majalisar Turai, na gaba 2029. Hanyar kayar da gwamnati ita ce ƙuri'ar yanke ƙauna amma mai sharaɗi, ba za ka ce a sauke wane ba sai ka kawo sunan wanda zai gaje shi a takarda ɗaya kuma rinjaye ya amince. In baka da madadi, gwamnati tana nan zaune ko da ministocin ba sa gaisawa.

An gwada wannan a 2017 kuma abin da ya faru ya isa darasi guda a aji. Lokacin PS da cdH ne ke mulki, cdH ɗin ita ce ta canja suna ta koma Les Engagés a 2022. Sai badaƙalar Publifin, kamfanin haɗin gwiwar ƙananan hukumomi, ta fashe a Liège, ta Samusocial, hukumar taimakon marasa matsuguni, ta biyo baya a Brasels, maganar 'yan siyasa da ke karɓar kuɗin zaman taron da ba a yi ba ko ba su je ba. Ranar 19 ga Yunin 2017 Benoît Lutgen shugaban cdH ya kira 'yan jarida ya ce shi ya gama da PS, yana kiran sauran jam'iyyu su zo a kafa sabbin gwamnatoci a Waloniya da Brasels da Fédération. Ka lura fa, ba minista bane ya yi wannan, ba shugaban gwamnati bane, shugaban jam'iyya ne, abin da Mai Lissafi yake gaya maka kenan. A Namur lissafi ya fita da ƙyar, MR 25 cdH 13, 38 daidai babu rarar ko ɗaya, ranar 28 ga Yuli aka sauke Magnette na PS aka ɗora Willy Borsus na MR. Amma a Brasels da Fédération jam'iyyun biyu basu isa ba, suna buƙatar jam'iyyar DéFI mai kare masu Faransanci ko Ecolo, su kuma suka ƙi shiga. Sakamakon haka cdH ta ci gaba da zama da PS ɗin da ta ce ta gama da ita, ƙarƙashin Demotte a Fédération da Rudi Vervoort a Brasels, har zaɓen 2019. Alda Greoli ta cdH a lokacin tana da hula biyu, a Namur ta zauna da MR suna sukar PS, a Fédération ta zauna teburi ɗaya da ministocin PS a matsayin ministar al'adu. Kuma 'yan majalisar da ke adawa da juna a Namur su ne dai ke kaɗa ƙuri'a tare a ɗaya majalisar. Shi kansa rinjayen na 38 bai kai ƙarshe ba, a Maris na 2019 wata 'yar majalisar MR ta sauya sheƙa, gwamnati ta ƙarasa wa'adinta babu rinjaye.

Don haka Hajiya, hula biyu tana aiki ne kawai idan jam'iyyu iri ɗaya ne a gidajen biyu, kamar yanzu. Ranar da zaɓe ya ba da lissafi daban a Waloniya da Brasels sai facin ya ɓalle.

Ita Brasels nata ma ya fi na kowa wuya. Majalisarta kujera 89, 72 na masu Faransanci 17 na masu Holanci, kuma gwamnati sai ta samu rinjaye a kowane ɓangare daban, ministoci biyu daga nan biyu daga can ban da shugaba. Wato kujera tara a ɓangaren Holanci za su iya tsayar da birni gaba ɗaya. Bayan zaɓen 2024 sabuwar jam'iyyar Team Fouad Ahidar ta ci uku daga cikin 17 ɗin ta dagula lissafi, wasu suka ce ba za su zauna da ita ba, PS kuma ta ce ba za ta zauna da N-VA, jam'iyyar De Wever ta masu kishin Filandas, ba, David Leisterh na MR da aka ba aikin haɗa gwamnatin ya gaji ya ajiye a Fabrairun 2025. Waloniya ta gama nata cikin mako biyar, Brasels kuwa sai da ta zarce kwana 541 ɗin nan da gwamnatin tarayya ta kafa tarihi da su a 2010 zuwa 2011, a lokacin Vervoort yana riƙon ƙwarya, babu ikon fara sabon abu, kasafi ana tafiya da shi wata-wata, ƙungiyoyin da ke jiran tallafi suna sallamar ma'aikata. Kuma ko a nan babu damar cewa a koma akwati.

Sabon_Zuwa_Liège ya rubuta:

Kai, na gode ƙwarai yayyena da iyayena, Allah ya bar zumunci. Saura ƙwaya ɗaya tunda an zo nan, akwai wani abokina da yake son a amince masa da takardar sakandarensa don ya nemi jami'a a Liège, shi kuma wace gwamnatin zai nufa a cikinsu?

Maman_Biyu_Charleroi ta rubuta:

Fédération zai nufa ƙanena, suna da ofishin daidaita takardun karatu na waje a Brasels, Namur bata da hannu a ciki duk da jami'ar a Waloniya take. Ka ce masa ya haɗa takardunsa da wuri don wa'adin miƙawa tsakiyar Yuli yake ƙarewa kuma ba sa wasa da shi, ya duba shafinsu ya ga irin kwafin da suke karɓa kafin ya aika. Biza kuma ta tarayya ce, ofishin jakadanci zai bi, in ya gama karatu ya samu aiki a Liège to izinin aikin wannan Waloniya ce za ta duba.